Tambayoyi da amsoshi kan The Return of the King: abubuwan da masu kallo ke ta musu a kai

Duk inda aka zauna hirar fina-finan Lord of the Rings, kafin a jima za ka ga magana ta koma kan kashi na uku, wani ya ce babu fim kamarsa, wani ya ce tsayi ya yi masa yawa, wani kuma har yanzu bai huce ba kan abin da Frodo ya yi a bakin wuta. Tambayoyin nan su ne aka fi yi min, daga abokai da ƙanne har da wani kawuna da ya kalla bayan ya girma, shi ya sa na tattara su wuri ɗaya. In baka kalla ba ka sani zan faɗi yadda komai ya ƙare, don babu yadda za a yi a amsa su ba tare da an fasa ƙwan ba.

Wane fim ne ma wannan, yaushe ya fito?

Shi ne na ƙarshe cikin guda uku da darakta Peter Jackson ya yi daga littafin J.R.R. Tolkien. Labarin Frodo ne, ɗan hobit, wato wasu gajerun mutane, da shi da abokinsa Sam suka ɗauki zoben mugun sarki Sauron za su jefa shi cikin wutar wani dutse a ƙasarsa Mordor don ya lalace. Na farko ya fito 2001, na biyu 2002, wannan kuma Disamba 2003. A ƙasar Niyu Zilan aka ɗauki dukkansu, kuma a lokaci guda aka ɗauka, daga Oktoba 1999 zuwa Disamba 2000, daga baya ne ake ta komawa ana ƙaro wasu wurare. Tsawonsa a sinima awa 3 da minti 21. Kuɗin da ya kawo ya haura dala biliyan 1, kuma a lokacin Titanic ne kaɗai ya taɓa kaiwa can.

Dole sai na kalli na ɗaya da na biyu tukunna?

Dole ne. Labari ɗaya ne aka yanka uku, kuma fim ɗin ba ya tsayawa ya maka bitar baya, yana buɗewa ne da yadda Sméagol ya shaƙe ɗan'uwansa Déagol saboda zoben a bakin kogi, in baka san shi Sméagol ɗin ne ya koma Gollum ba wannan fitowar ba za ta ce maka komai ba.

Me ya sa mutane ke cewa fim ɗin ya ƙi ƙarewa?

Wannan shi ne babban ƙorafi tun 2003 kuma har gobe ana yinsa. Bayan zobe ya narke akwai wajen minti ashirin da wani abu kafin sunaye su fara fitowa, kuma sau da yawa hoton yana dusashewa ya koma baƙi ko fari kaman an gama sai kuma a sake buɗewa. Frodo da Sam a kan dutse wuta ta zagaye su, duhu. Mikiyoyi sun zo sun ɗauke su. Frodo ya farka a kan gado. An naɗa Aragorn sarki. Sun koma ƙasarsu Shire. Sam ya auri Rosie. Sannan tafiya bakin teku, sannan kuma Sam ya dawo gida. Ranar da na fara kalla a ɗakin yayana muke mu kusan takwas kan faifan sidi, wani abokinsa sau uku yana miƙewa yana neman takalminsa yana dawowa ya zauna, a na ukun har ya ce wallahi in aka ƙara shi tafiya zai yi, amma bai tafi ba, ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da labule har jirgin ruwan ya ɓace.

Na gane masu ƙorafin, wanda ya zauna a sinima awa uku babu hutu, jikinsa ya gaji, kuma yadda aka yi ta dusashe hoton yana ruɗa mutum, wannan kam laifin tacewa ne. Amma ni ban yarda a ce minti ashirin ɗin ɓata lokaci ba ne, a wurina ma su ne fim ɗin. Ka bi mutanen nan sama da awa tara, sun bar gida suna yara masu son ci da wasa, to ai dole ka ga abin da tafiyar ta mayar da su. Akwai wata fitowa ƙarama da babu magana a cikinta ko ɗaya, su huɗun, Frodo da Sam da Merry da Pippin, suna zaune a gidan shaye-shayen garinsu da kofuna a gabansu, gari na ta hayaniya a kan wani ƙaton kabewa da wani ya noma, babu wanda ya san me suka gani, babu ma wanda ya tambaya, sai suka kalli juna kawai suka ɗaga kofi a hankali. Duk wanda yake da ɗan'uwa soja da ya dawo daga daji ya san wannan shirun. Tolkien kansa ya je yaƙin duniya na ɗaya, yana filin Somme a 1916, kuma ya rasa abokansa na kusa a yaƙin, mutum irin wannan ba zai rubuta labarin da za a gama yaƙi a yi kiɗa a watse ba. Mu ma da muka saba da fim ɗin Indiya mai awa uku tsayin bai kamata ya dame mu ba sam.

Wai Frodo ya gaza kenan? Ya sha duk wannan wahala kuma ya ƙi jefa zoben?

Eh ya ƙi jefawa. Ya tsaya a bakin ramin wutar, Sam na bayansa yana kuka yana roƙonsa, ya juyo ya ce zoben nasa ne ya saka a yatsa. Da yawan masu kallo nan ne ransu ya ɓaci, musamman waɗanda suka saba da fim ɗin da akta ke gamawa da bos da hannunsa. Na sha jin ana cewa Frodo rago ne, kullum faɗuwa, kullum zare ido, kullum sai an ɗaga shi.

Amma a tuna waye ya taɓa iya riƙe zoben nan. Gandalf, dattijon nan mai sihiri da ke jagorantarsu, ƙin karɓa ya yi da aka miƙa masa don ya san abin da zai mayar da shi. Galadriel da ƙyar ta sha. Boromir da ko taɓa shi a yatsa bai yi ba sai da ya haukace ya kai wa Frodo hari. Isildur ya tsaya a daidai wannan wurin shekaru dubbai da suka wuce ya juya da abinsa. Shi kuwa Frodo a wuyansa ya rataye shi wata da watanni, da sara a kafaɗa da harbin gizo-gizo da yunwa da ƙishi, har ya kawo shi inda ƙarfin zoben ya fi ko'ina yawa. Tolkien ya yi bayanin wannan a wata wasiƙa da ya amsa wa mai karatu, cewa a wannan wurin babu wanda zai iya jefawa da son ransa, kuma shi bai ɗauki abin da Frodo ya yi a matsayin laifi ba. Abin da ya ceci duniyar shi ne tausayin da aka yi wa Gollum tun baya, Bilbo ya samu damar kashe shi ya ƙyale, Frodo ma ya ƙyale, da an kashe shi da babu mai cizge yatsan nan ya faɗa da zoben. Ni wannan ne ya sa nake girmama labarin, bai yi mana ƙarya ba kan yadda son abu ke cin zuciyar mutum ko da na kirki ne.

Bambanci ɗaya da masu karatun littafi ke kawowa, a littafi Gollum murna yake yana tsalle ƙafarsa ta zame ya faɗa shi kaɗai, a fim kuwa Frodo ya tashi suka yi kokawa suka faɗa tare har Sam ya jawo shi daga baki. Wasu na ganin wannan ya ɗan rage ma'anar.

To ashe Sam ne jarumin gaskiya?

Mutane da yawa haka suke cewa, kuma Tolkien ma ya taɓa kiransa babban jarumin labarin a wata wasiƙa. Wurin da ya ce ba zai iya ɗaukar masa zoben ba amma zai iya ɗaukarsa shi, ya saɓa Frodo a kafaɗa ya hau dutsen, ban san sau nawa na ga manyan maza sun yi shiru suna kallon gefe a nan ba. Sean Astin ya yi wasa sosai kuma har yau akwai masu jin haushin ko sunansa ba a saka cikin masu takarar Oska ba. Abin da ba na so shi ne a ɗaga Sam ta hanyar taka Frodo, nauyin da kowannensu ya ɗauka daban ne, na Sam ana gani da ido na Frodo a ciki yake.

Me ya sa Frodo ya kori Sam a kan matakalar dutse?

Gollum ne ya zubar da gurasarsu cikin dare ya barbaɗa ɓurɓushin a rigar Sam, kuma ya riga ya sa wa Frodo a rai cewa Sam zoben yake so. Wannan babu shi a littafi kwata-kwata, marubutan fim ɗin, Jackson da Fran Walsh da Philippa Boyens, su suka ƙara don Frodo ya shiga kogon ƙaton gizo-gizon nan Shelob shi kaɗai. Masu littafi da yawa sun ƙi jinin wurin nan, suna cewa Frodo ba zai taɓa yarda da Gollum a kan Sam ba. Ni ina tsakiya, fitowar ta yi zafi kuma ta yi aiki, sai dai ita ce ta ƙara sa waɗanda ba su karanta ba suka raina Frodo.

Me ya hana su hau mikiyoyin nan tun farko su je su jefa zoben?

Wannan tambayar ba ta mutuwa. Amsar a fili take cikin fim ɗin, duk dabarar ta dogara ne kan ɓoyewa, Sauron bai taɓa kawowa a ransa cewa wani zai so ya lalata zoben ba, shi ya ɗauka wani zai yi amfani da shi ya yaƙe shi. Ka taso da manyan tsuntsaye ta sama kana dosar Mordor ai ido zai hango ka tun daga nesa, ga Nazgûl, fatalwowin bayin Sauron, a kan dabbobinsu masu fuka-fukai, ga 'yan baka. Mikiyoyin ba su iya shiga ba sai da Sauron ya faɗi. Kuma su ba dawakan haya ba ne da za a kira su duk sanda aka ga dama. Tolkien tun 1958 da aka kawo masa wani tsarin fim ya yi gargaɗi cewa in aka yawaita amfani da su za su lalata labarin. Laifin fim ɗin kawai shi ne bai sa wani ya faɗi haka ko da jimla ɗaya ba.

Ina Saruman ya shiga? Ko ganinsa ba mu yi ba.

In na sinima ka kalla gaskiya ne, an ce kawai mai sihirin nan da ya koma bayan Sauron yana kulle a hasumiyarsa ba shi da sauran ƙarfi, aka wuce. An ɗauki fitowar mutuwarsa amma aka cire, Jackson ya ga kaman ragowar fim na biyu ce za ta ja farkon na uku baya. Christopher Lee da ya fito a Saruman ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma dole ya ɓaci, shi kaɗai ne cikin 'yan wasan ya taɓa haɗuwa da Tolkien ido da ido, kuma mutum ne da duk shekara sai ya sake karanta littafin. A dogon zubin da ya fito Disamba 2004 an mayar da ita, baransa Gríma ya soke shi ta baya ya faɗo daga saman hasumiya kan wata ƙafar niƙa mai tsini. A nan ina tare da masu ƙorafi ɗari bisa ɗari, mutumin da ya riƙe mugunta a fim biyu bai kamata ya ɓace haka kawai ba.

Rundunar fatalwar nan fa, ba ta ɓata yaƙin ba?

Ta ɓata, kuma in za a tambaye ni babban kuskuren fim ɗin to wannan ne. Ka duba abin da ya faru a yaƙin kare Minas Tirith, babban birnin ƙasar Gondor, kafin su iso, mahaya dubu shida na Rohan sun zo sun tarar da rundunar da ta ninka su nesa ba kusa ba, sun san mutuwa za su yi suka afka, aka yi kare jini biri jini, ga giwaye sun shigo suna tattake dawakai, sarki Théoden ya faɗi. Sai kawai jirage suka tsaya wani koren hayaƙi ya malalo ya share filin cikin minti biyu kaman an watsa ruwa a tsakar gida. Dole mai kallo ya ce to da an jira su mana, me ya sa waɗancan suka mutu. Kuma dole ya ce me ya sa Aragorn da ya kawo su ya sallame su bai kai su ƙofar Mordor ba, duk da dai alkawari ya yi musu kuma cika alkawarin na nuna irin sarkin da zai zama.

A littafi matattun ba su zo Minas Tirith ba sam, can kudu a Pelargir suka tsorata 'yan fashin teku suka gudu suka bar jiragensu, Aragorn ya sallame su a nan, ya cika jiragen da mutanen Gondor masu rai ya zo da su. Ka ga nasarar ta mutane ce da jininsu. Na san fim ba zai iya gabatar da sababbin mutane a awa na uku ba, amma an biya tsada.

Denethor mugu ne ko mahaukaci?

A fim kam duka biyun aka nuna, kuma masu littafi suna ganin an zalunce shi. A littafi dattijo ne mai kaifin basira da ya daɗe yana tsare Gondor, abin da ya karya shi shi ne yana leƙa dutsen gani ɗin nan, palantír, Sauron kuma yana nuna masa abin da zai kashe masa gwiwa kawai, ga mutuwar ɗansa Boromir a kai. Fim bai bayyana wannan ba, sai ka ga tsoho mai baƙin hali da ya tsani ɗansa Faramir, Gandalf na dukansa da sanda, ƙarshe ya kama da wuta ya yi ta gudu har ya faɗo daga saman birni, gudun da mutane da yawa suka ce ya yi tsayi fiye da hankali.

Duk da haka fitowar da ta fi tsaya min a rai tasa ce. Yana zaune shi kaɗai a gaban tebur yana cin nama da tumatir, ruwan tumatirin na bin haɓarsa ja kaman jini, ya sa Pippin ya yi masa waƙa, ana yankowa ana nuna Faramir da mahayansa suna sukuwa zuwa Osgiliath inda aka ja baka ana jiransu. Ba a ma nuna kibiyoyin sun same su ba, sai ƙarar tauna. Billy Boyd da ya fito a Pippin shi ya sa wa waƙar murya da kansa. John Noble ya yi wasan da ya sa ka tsane shi kuma ka ji tausayinsa.

Wane wuri mutane suka fi so?

Uku ake yawan ambata. Kunna wutar kan duwatsu, daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa har Rohan, babu faɗa babu magana sai kiɗan Howard Shore yana hawa. Sai isowar Rohan da asuba, Théoden na sukuwa a gaban sahu yana buga takobinsa a kan masun mutanensa, duk rundunar na ihun kiran mutuwa, nan kam tsikar jiki sai ta tashi ko sau goma ka gani. Bernard Hill da ya yi Théoden ya rasu a 2024, kuma a ranar wannan fitowar ce mutane suka yi ta yaɗawa. Na ukun wajen naɗin sarauta ne, sarki da kansa ya durƙusa wa ƙananan mutanen nan huɗu, dukkan birni ya bi shi, su kuma suna tsaye a ruɗe da ƙafafunsu babu takalmi.

Na Legolas da ya hau giwa ya gama da ita shi kaɗai ya zamo ta kan dogon hancinta, yara na so sosai, manya da yawa kuma na ganin an wuce gona da iri.

Ya aka yi mace ta kashe shugaban Nazgûl da aka ce ba ya kasuwa?

Abin da aka faɗa shi ne ba zai mutu a hannun namiji ba, Éowyn kuwa ta cire hular ƙarfe ta nuna masa ita mace ce. Amma ba ita kaɗai ba ce, Merry ne ya fara soka masa wuƙa a bayan gwiwa, kuma a littafi wuƙar tsohuwa ce da aka ƙera musamman don yaƙar shi wannan maƙiyin, ita ta karya abin da ke kare shi. Fim ya tsallake wannan bayanin shi ya sa wasu ke ganin kaman wasa da kalma kawai aka yi. Mata da yawa da na sani nan ne wurinsu, kuma ba don takobin kaɗai ba, don ta tsaya ne a kan kawunta Théoden da ya riƙe ta tun tana ƙarama, hannunta a karye tana rawar jiki amma ba ta matsa ba.

Me masu karatun littafi suka fi jin haushin an cire?

Babin da hobit ɗin suka koma gida suka tarar Saruman da 'yan barandansa sun mamaye Shire, an sare bishiyoyi, an kafa dokoki, an kulle mutane, sai da su huɗun suka tayar da gari aka kore su. Masu son babin na cewa shi ke nuna yaƙi ba ya barin gidan kowa, kuma shi ke nuna yaran sun girma ba sa buƙatar Gandalf. Gaskiyarsu. Amma fim ɗin da ake cewa ya ƙi ƙarewa in aka ƙara masa sabon yaƙi bayan zobe ya narke, ban ga yadda zai ɗauku ba. Ɗan marubucin, Christopher Tolkien, shi gaba ɗaya fina-finan ne bai so ba, a 2012 ya faɗa wa wata jaridar Faransa cewa an mayar da littafin babansa fim ɗin faɗa na matasa.

Gaskiya ne akwai wariyar launi a ciki?

An daɗe ana wannan muhawarar kuma bai kamata a share ta ba. Duk na kirki farare ne, mutanen da suka zo taya Sauron kuwa daga kudu da gabas suke, masu duhun fata, fuska a naɗe da rawani, a kan giwaye. Wanda ya fito daga inda ake naɗa rawani ba zai kasa lura ba, ni dai na lura tun kallon farko kuma bai min daɗi ba. Masu kare fim ɗin na cewa Tolkien tatsuniya ce ya ƙirƙira wa Ingila daga tsofaffin labaran arewacin Turai, kuma suna nuna wurin da Faramir ya tsaya a kan gawar wani saurayi daga cikin mutanen kudun yana tunanin ko ƙarya aka yi masa ko tilasta shi aka yi ya baro gida. Wannan wurin yana da kyau, amma a dogon zubin kashi na biyu yake, a na uku babu ko ɗayansu da aka ba shi fuska ta mutum mai iyali. Ina son fim ɗin kuma ina ganin wannan gurbin.

Oska 11 ɗin nan, ya cancanta ko dai kara aka yi masa?

An saka shi takara a wuri 11 a bikin 2004 ya lashe duka 11, ya kamo Ben-Hur da Titanic, har da gwarzon fim da gwarzon darakta da kiɗa da waƙar da Annie Lennox ta rera a ƙarshe. Shi ne fim ɗin almara irin wannan na farko da ya ci gwarzon fim. Da yawa na cewa kyautar ta dukkan ukun ce aka tara aka ba na ƙarshe, tunda na farko 4 ya ci na biyu 2, kuma ina ganin akwai gaskiya a ciki. Har yau in ka tambayi masoya wanne ya fi, kaso mai yawa na farko za su ce, don ya fi tsari ya fi nutsuwa. Ni ma in tsari ake magana na farko ne, amma wanda ya fi taɓa zuciya na uku ne.

Gajeren zan kalla ko dogon?

Karon farko na sinima, ya fi tafiya da sauri. Bayan nan ka nemi dogon, awa 4 da minti 11, za ka samu Saruman, da jakadan Sauron mai ruɓaɓɓun haƙora a baƙar ƙofa, da yadda Éowyn da Faramir suka haɗu a gidan jinya. Sai dai ba duk ƙarin ne alheri ba, wurin da shugaban Nazgûl ya karya sandar Gandalf ya ɓata wa masu littafi rai, haka ma Aragorn da ya fille kan jakada ana cikin magana, abin da sarki mai mutunci ba ya yi.

Za a iya kallo da yara a gida?

Babu tsiraici babu zagi, sumba ma kaɗan ce, kamar ta wajen naɗin sarauta. Amma akwai ban tsoro, gizo-gizon nan Shelob, da kawunan mutane da aka harbo cikin birni, da shaƙewar farkon fim. 'Yan ƙasa da shekara 13 gara babba na kusa.

A ƙarshe ina Frodo ya tafi, mutuwa ya yi?

Bai mutu ba. Jirgin ya kai shi yamma ne ƙasar da Elf, halittun nan da tsufa ba ya kashe su, ke komawa, tare da Bilbo da Gandalf da Elrond da Galadriel, an ba shi wannan alfarmar saboda ya ɗauki zoben, ko zai samu sauƙin ciwon da ya ƙi warkewa. Zuwa can ba ya hana mutuwa, zai ƙarasa kwanansa ne cikin salama. Ya zauna a Shire shekaru yana rubuta littafin, kafaɗar na ta masa ciwo, kowa ya koma rayuwarsa shi ya kasa. A bakin jirgin ya miƙa wa Sam littafin da sauran shafuka babu rubutu, ya sumbaci goshinsa, da ya shiga ya juyo sai ka ga fuskarsa ta yi haske ya yi murmushin da rabon da a gani tun fim na farko. Sam ya taka ya koma gida, 'yarsa ta rugo ya ɗauke ta, yarinyar kuma 'yar Sean Astin ce ta gaske, Rosie na riƙe da jariri, suka shiga aka rufe ƙofar nan mai ruwan ɗorawa.